Ranar Haihuwar Mahaifiya: Tsakanin Hoton Waya Da Zama A Gabanta

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta samu gindin zama a tsakaninmu. Idan ranar haihuwar mahaifiya ta zagayo, sai mu lalubo hotonta na ranar Sallah ko na dawowa daga aikin Hajji, mu ɗora a WhatsApp ko Facebook, mu jera addu'o'i a ƙarƙashinsa. Abokai su yi ta amsawa da amin. Ita kuwa Hajiya tana can gida da 'yar ƙaramar wayarta mai madannai, ba ta ga hoton ba, ba ta ji addu'ar ba. Wani lokacin ko kiranta ba mu yi ba.

Ranar ma kanta, ga da yawa daga iyayenmu, kintace ce. Idan muka tambaye su yaushe aka haife su, da abin da ya faru za su ba mu amsa: wata ta ce tana 'yar talla aka kashe Sardauna, wato 1966, wata ta ce tana goyon fari aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa, mai cike takarda ya rubuta 1 ga Janairu ya wuce wurin.

Malamai sun yi saɓani a kan bikin ranar haihuwa. Wasu na ganinsa koyi da baƙuwar al'ada, wasu na ganinsa al'ada ce kawai, muddin ba a ɗauke shi ibada ba kuma ba a haɗa shi da saɓo ba. Kowa ya bi abin da ya gamsu da hujjarsa. Abin da ya dame mu daban ne: a kan ranar ake jayayya, amma a kan haƙƙin uwa babu malami biyu da suka saɓa, kuma a nan ne muka fi gazawa, masu bikin da masu ƙin sa baki ɗaya.

A Suratul Ahƙaf, aya ta 15, Allah Maɗaukaki ya ambaci wahalar ciki da ta haihuwa, ya ƙidaya cikin da shayarwa wata talatin, sannan ya tsallaka zuwa lokacin da ɗan ya kai shekara arba'in, yana roƙon ikon gode wa ni'imar da aka yi masa da wadda aka yi wa iyayensa. Wannan tsallake abin tsayawa ne. Yaro yana son uwarsa, amma bai san kuɗin da aka biya ba. Sai ranar da mu ma muka kwana a tsaye a asibiti da ɗa mai zazzaɓi, ko muka ga matanmu da 'yan'uwanmu mata suna wankan jego kwana arba'in, ko wa'adin kuɗin makaranta ya cika aljihu babu komai, sannan muke fara gane inda tasoshin Inna da zannuwan ɗakinta suka tafi a shekarun da muke karatu. Ba ta taɓa gaya mana ba.

Kuma ba za ta gaya mana ba, domin tarbiyyar kunya aka yi mata. Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari ba za ta zauna tana lissafa masa ɗawainiyarta ba. Mu ma mun gaji wannan kunya, har ya zama rubuta wa duniya cewa muna ƙaunarta ya fi mana sauƙi a kan mu durƙusa mu ce: "Inna, na gode, ki yafe mini." Kunya ado ce, amma wadda ta hana godiya isa kunnen mai ita ta wuce gona da iri.

Saɓa wa uwa a lokacin girma ba ya zuwa da ihu. Yana zuwa ne a ƙosawa idan ta maimaita labarin da ta ba mu jiya, a katse waya da "ina cikin aiki", a tura kuɗi ta banki a madadin tura ƙafa. Shi ya sa a Suratul Isra'i, aya ta 23, aka ambaci tsufan iyaye da kansa, aka kuma hana mafi ƙanƙantar kalmar ƙosawa. Imamu Bukhari ya kawo a Al-Adabul Mufrad labarin mutumin Yaman da ya goya mahaifiyarsa yana ɗawafi da ita, ya tambayi Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, ko ya biya ta. Ya nuna masa bai biya ko nishi ɗaya na naƙuda ba. Wannan fa goyo ne a bayansa, ba hoto a waya ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, wanda ya riƙi ranar, ya mayar da ita ranar tuhumar kansa. Ya je da ƙafarsa idan da hali. Ya duba ko maganin hawan jininta ya ƙare ta yi shiru don kada ta ɗora masa nauyi. Ya tambayi ko akwai bashin da ke hana ta barci, ko ƙawar da take marmarin ziyarta babu mai kai ta. Wanda bai riƙi ranar ba, duk waɗannan suna kansa shi ma, sai dai ya zaɓi wata ranar, kuma kada ta zama "wata rana".

Akwai kuma tambayar da muka cika mantawa. Da yawanmu mun san Inna a matsayin uwa kawai: ba mu san sunan malamin da ya koya mata Fatiha ba, ba mu san garin da kakarta ta fito ba, ba mu san 'ya'ya nawa ta binne kafin mu ko bayanmu ba. Waɗanda iyayensu mata suka rasu, Allah ya ji ƙansu, suna da addu'a da sadaka da sada zumuncinta, amma waɗannan tambayoyi babu sauran wanda zai amsa musu.