Tsanin da Bature Ya Bari a Zongo

Ran 6 ga Maris 1957 aka sauke tutar Ingila a Ankara, aka ɗaga ta Gana. Sannu a hankali Turawan mulki suka ɗaure kayansu suka koma gida. Amma akwai kaya guda da suka bari, har wa yau muna ɗauke da shi a ka ba gammo. Kayan nan shi ne koyarwar da ke cewa an jera 'yan Adam hawa hawa kamar tsani, Bature a can bisa, mutumin bakin teku a ƙarƙashinsa, mutumin arewa a ƙasa. Wannan koyarwa ƙarya ce, zunubi ce kuma, ko daga bakin wa ta fito.

Bari mu fara da Turawa. Da suka zauna a Barlin a 1884 zuwa 1885 suna shirya yadda za su raba Afirka, ba baƙin mutum ko ɗaya a teburin. A 1899 wani mawaƙin Ingila, Kipling, ya rubuta waƙa yana kiran mulkin mallaka nawayar da farar fata ta ɗauka domin amfaninmu. To, wa ya ɗauki nawayar? Wa ya haƙa zinariya a Obuasi, wa ya ɗauki buhunan koko, wa ya kwashe bayan gida a Ankara da dare? Yawancinsu mutanen arewa ne da baƙi, kakannin waɗanda ke Nima da Mamobi yau. Gwamnatin mallaka ta maida arewacin ƙasar nan rumbun lebura. An buɗe makarantar sakandare ta Mfantsipim a 1876, amma arewa ba ta sami sakandaren gwamnati ba sai 1951 a Tamale. Shekara 75 ke nan. Ka hana yaro allo, sa'an nan ka ce ba shi da kai, wane irin adalci ke nan?

Wani zai ce, “Ai Bature ne ya gina mana Korle Bu.” Gaskiya ne, Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin a 1923, ga shi nan kusa da Sabon Zongo, muna kuwa shan magani a ciki. Amma da kuɗin ƙasar nan da gumin 'ya'yanta aka gina shi. Wanda ya ci gonarka ya ba ka dami ɗaya, ka karɓa, amma kada ka ce masa uba.

Ikkilisiya ma ba ta fita da hannu fari ba. A kurkukun bayi na Cape Coast, ɗakin sujada yana bisa ramin da aka cusa maza, ana waƙar yabo a sama, ana mutuwa a ƙasa. An yi wa'azi da Farawa 9, wai la'anar Ham ce ta maida mu baƙaƙe da bayi, alhali kowa ya buɗe wurin zai ga a kan Kan'ana la'anar ta faɗi, ba kuwa a ambaci launin fata ba sam. Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa a 1864, samarin mishan daga Ingila suka wulakanta shi a Onitsha a 1890, suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa. Ya rasu a ƙarshen 1891, aka sa Bature a gurbinsa. Ba mu manta da masu bishara da zazzaɓi ya kashe a Osu da Akropong saboda ƙaunar Almasihu ba. Amma girmama kabarinsu ba zai sa mu rufe ido ga laifin 'yan'uwansu ba.

Yanzu sai mu juyo gida, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara sojoji a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu, aka sa musu suna Hausawan Glover. Turawa suka ce Bahaushe jarumi ne tun daga haihuwa, ya fi sauran baƙaƙe. Da wannan yabo suka tura su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, lokacin da aka ƙone Kumasi. A 1903 kuma, sojojin da suka fasa ganuwar Kano suka ci Sakkwato, da yawa a cikinsu da Hausa suke magana. Kun ga amfanin tsani ga mai shi? Ya ɗaga ka taki ɗaya, ya miƙa maka bindiga, ka taka na ƙasa da kai, shi kuwa yana bisa yana kallo.

Ba kuwa Bature kaɗai ya iya sassaƙa tsani ba. Kafin ya iso, a kasuwar Salaga ana cinikin goro, ana cinikin mutane, fatakenmu kuma suna ciki. Babatu da mayaƙansa sun yi shekaru suna kamun Gurunsawa suna kaiwa kasuwa. An hana cinikin bayi, amma bakinmu bai tuba ba. Mutumin kudu ya ce wa ɗan Zongo “pepeni”, ran ɗan Zongo ya ɓaci, ya juya ya ce wa Frafra ko Dagati “arne” ko “bawa”. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Gida nawa aka hana aure domin an tono cewa kakar yarinya sayenta aka yi? Majami'a nawa ce mai jin Turanci ke zama gaba, mai jin Hausa ko Kusal kaɗai a bar shi a bencin baya, ba a taɓa zaɓensa dattijo ba?

Wannan raini yakan kai ga kuka. Malam Bako, ɗan Malam Naino mutumin Katsina, ya kafa Sabon Zongo wajen 1910 a filin da ya samu daga sarakunan Ga. Amma ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fita. Mutanen da aka binne cibiyarsu a Zongo suka sayar da gidaje a wulakance, suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya. Babu Bature a cikin wannan ko wancan. Mu muka yi wa juna, a kan iyakokin da shi ya zana.

Dubi kuma 'yan matan nan da ake kira kayaye, masu ɗaukar kaya a Makola da Agbogbloshi, suna kwana a bakin shaguna da goyo. Sunan ma rabinsa Hausa ne. Matan majami'armu nawa suke ɗora wa yarinya kwano mai nauyin buhu, su yi ta ja-in-ja a kan kuɗin da bai kai na ruwan sha ba? Dubi 'yan'uwanmu mata, har da maza, masu shafa man bilicin, har hukumar abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da irin mai haɗari a 2016. Wa ya gaya musu fatar da Allah ya ba su kuskure ce, in ba tsanin nan ba?

Littafi Mai Tsarki bai bar mana mafaka ba. A Ayyukan Manzanni 17:26 Bulus ya gaya wa Atinawa masu fahariya da asalinsu cewa tushen dukan al'ummai ɗaya ne. A Littafin Ƙidaya 12, da Maryamu ta yi gunaguni a kan matar Musa mutuniyar Kush, ita kuturta ta kama. Yakubu 2 ya kira tara a wurin zama cikin majami'a zunubi. Mai raina mutum saboda fatarsa ko tsagen fuskarsa, Mahaliccinsa yake raina wa.

A 2019 Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana dab da cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ya zauna tare da masu sujada. In dattijo irin wannan ya iya ƙetare ƙofa, mu da muke cewa an fanshe mu da jini ɗaya, me zai hana mu?

Saboda haka, 'yan'uwa, mu fara daga inda hannunmu ya kai. Mu daina kiran mutum da sunan raini, mu tsawata wa yaranmu in sun kira. A fassara wa'azi domin na bencin baya, a zaɓi dattawa bisa halinsu. A biya 'yar ɗauko hakkinta ba gardama. Saurayi mai tsoron Allah in ya zo neman aure, kada a tambayi wanda ya sayi kakansa. Bature ya kafa tsanin ya tafi, amma hannuwanmu ne ke riƙe da shi. Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciya mu sake shi ya fāɗi. Amin.