Ƙurar Hunturu Da Wayar Fayiba: A Saya Mana Abin Da Zai Jure

Duk sa'ad da hukumomi ko kamfanonin sadarwa suka tashi alfahari da wayar fayiba a nan Ghana, kilomita suke ƙirgawa. An shimfiɗa kusan kilomita 800 daga Ho zuwa Bawku, aka buɗe a 2015. Madalla. Amma da wuya ka ji an yi maganar mahaɗi, wato ɗan kan da ake sokawa don haɗa waya da waya ko waya da na'ura. Alhali abin nan da bai kai tsawon yatsa ba, in ya ƙi aiki, mai sana'ar Momo a Yendi sai ya yini yana ba kwastoma haƙuri.

Ga yadda abin yake. Fayibar da ke tafiya mai nisa ita ce mai hanya ɗaya. Zaren gilashin da haske ke bi a tsakiyarta kaurinsa maikiron 9 ne kacal, gashin kan mutum ma ya ninka shi sau bakwai ko takwas. Mahaɗin da aka saba amfani da shi, irin su SC da LC, bakin gilashi biyu yake dannewa su taɓa juna. To, ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna a tsakani, ko ta tare hasken, ko ta karce gilashin. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu iska na kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele a Chadi, ta lulluɓe Tamale da Bolgatanga har cikin ɗaki.

Akwai wani irin mahaɗi mai faɗaɗa haske. Shi ɗan ƙaramin lensi ne a bakinsa, yana buɗe hasken ya ninka faɗinsa sau gomomi, hasken ya tsallake 'yar tazara, sannan lensi na biyu ya sake tattara shi cikin ɗaya zaren. Gilashi ba ya taɓa gilashi, don haka babu gogayya. Ƙurar da za ta toshe siririn haske kuwa, a kan mai faɗi ɗan gefe kawai take tarewa. Shi ya sa sojoji da masu haƙar ma'adinai da motocin watsa shirin talabijin kai tsaye suka daɗe suna amfani da shi.

Wani zai ce, ai yana da tsada, kuma ya fi cin haske. Gaskiya ne. Mahaɗi na yau da kullum in yana da tsabta asararsa kaɗan ce, mai lensi kuwa ya fi shi asara, kuma a fayiba mai hanya ɗaya in ya ɗan karkace sai asarar ta ƙaru. Ba kuma zai hana katafilar masu gyaran titi ko 'yan galamse tsinke waya ba. Don haka ba na cewa a sa shi ko'ina. Inda za a haɗa waya a bar ta har abada, narka bakunan biyu da injin haɗi ya fi. Cikin ɗaki mai sanyi da ake rufewa, na yau da kullum ya wadatar. Amma a fili, inda ake cirewa ana mayarwa, kamar layin wucin-gadi da ake ja bayan an tsinke waya, ko kayan da ake kaiwa filin taro da filin Idi, nan kam araha ba ta ado.

Kirana ga masu sayo kayan aikin gwamnati da na kamfanoni shi ne, su daina rubuta wa Accra da Bawku takardar kwangila iri ɗaya. A sa sharaɗin jure ƙura a ciki, a kuma tilasta wa ɗan kwangila ya duba ya goge kowane baki kafin ya soka.

Mu ma 'yan Zango da namu aikin. Yaranmu da yawa sun ƙware a gyaran wayar hannu. Wanda ya iya canza gilashin waya ba tare da ƙura ta shiga ba, zai iya koyon haɗa fayiba da auna ta. Asusun Raya Zango da jami'o'in fasaha na Tamale da Bolgatanga su buɗe gajerun kwasa-kwasai a kan wannan, shugabanninmu kuma su matsa. In layi ya mutu a Bawku, bai kamata a zauna jiran ma'aikaci daga Accra ba. Allah Ya sa masu abin su ji.