Wanda Ya Share Harafi a Ɓoye, Sunan Mutum Ya Taɓa

Bayan girbin da ya wuce, wani ƙanena da ke riƙe da littafin wata ƙungiyar manoma a Yashe, cikin ƙaramar hukumar Kusada, ya kira ni ransa a ɓace. Ƙungiyar tasu ta sa wani matashi a Kano ya haɗa mata manhajar da za ta riƙa ajiye sunayen mambobi, da unguwanninsu, da lambobin asusunsu. Ranar da za a fitar da jerin sunayen zuwa fayil ɗin Excel don a kai banki a biya kowa rabonsa, manhajar ta cije, ta ce akwai haramtaccen harafi a cikin bayanan. Matashin ya leƙa intanet, ya samo layi ɗaya na umarni, ya liƙa, fayil ya buɗe. Kowa ya yi hamdala.

Da bankin ya dawo da wasu sunaye yana cewa ba su dace da abin da ke jikin asusun masu su ba, sai aka koma aka duba. Mu'azu ya zama Muazu. Ɗanjuma ya zama Æanjuma. Wani dattijo ya hau babur zuwa Kankiya har sau biyu, a karo na biyu aka ce ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi. Ba wanda ya gaya masa cewa kuskuren ba nasa ba ne, domin ba wanda ya sani. Manhajar ba ta bar ko alama ba.

Ƙorafina yana kan wannan layi ɗaya, da kuma ɗabi'ar da ta mayar da shi amsar da aka fi bayarwa duk lokacin da wani ya yi tambaya a kan matsalar: share su kawai. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki tsaftacewa. Ni kuwa ina ganin canza bayanan mutane ne ba da saninsu ba, kuma Bahaushe ya fi Bature cutuwa da shi, saboda wani dalili na lissafi da zan nuna.

Da farko, mene ne waɗannan haruffa? Sa'ad da aka fitar da tsarin ASCII a Amurka a 1963, an ware lambobi 128. Talatin da biyu na farko, daga 0 zuwa 31, ba na rubutu ba ne. Umarni ne ga injin buga saƙon waya na wancan zamani. Lamba 7 tana kaɗa ƙararrawa don ma'aikaci ya farga, 13 tana mayar da kan inji farkon layi, 10 tana tura takarda gaba. Injinan sun tafi, lambobin sun zauna. Daga baya aka ƙara wani rukuni daga 128 zuwa 159, ga kuma 127, shi ya sa a Unicode na yau ake da haruffan umarni 65. Ba a ganin su a allo, amma suna cikin rubutu kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

Fayil ɗin Excel na zamani, wanda ya zo tare da Office 2007, tarin takardun XML ne da aka matse wuri guda. Ƙa'idar XML ta 1998 ta haramta 29 daga cikin waɗancan 32 na farko, ta bar uku kawai: 9, 10 da 13. Saboda haka manhajar ƙanena ba ta yi laifi ba da ta tsaya. Gaskiya ta faɗa. Abin da ya tsayar da ita shi ne lamba 11, wadda Word ke sakawa idan mutum ya karya layi da Shift da Enter, kuma ta biyo adireshin da aka kwafo daga wata tsohuwar takarda. Harafi ɗaya ne, mai ma'ana ɗaya: nan layi ya ƙare. Da aka share shi, sunan unguwa ya manne da sunan gari suka zama kalma guda. Amma matashin bai tsaya a kan 11 ba, bai ma tsaya a kan 29 ɗin da aka haramta ba. Tsintsiyar da ya aro ta kwashe duka 65, har da rukunin 128 zuwa 159 wanda XML bai hana ba. A nan Hausa ta shiga uku.

Sai mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi. A tsarin UTF-8, wanda wayoyinmu ke rubutu da shi, kowane harafi mai lanƙwasa yana cin bayit biyu. Harafin ɗ shi ne C9 da 97. Harafin ɓ shi ne C9 da 93. Harafin ƙ shi ne C6 da 99. Manyansu kuwa, Ɗ da Ɓ da Ƙ, duk suna farawa da C6, sai na biyun ya bambanta su: 8A, 81, 98. Idan manhaja ta karanta wannan rubutu da tsohon tsarin ISO 8859-1 na harsunan Yammacin Turai, kuskuren da ake yi kullum wajen shigo da fayil, sai ta ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. C9 ya zama É, C6 ya zama Æ. Bayit na biyu kuwa, a dukan haruffan nan shida, yana faɗawa tsakanin 128 da 159, wato cikin rukunin haruffan umarni.

Har zuwa wannan mataki ba abin da ya salwanta. Rubutun ya yi muni a ido, amma duk bayit ɗin suna nan, kuma wanda ya san aiki zai mayar da shi daidai cikin daƙiƙa. Akwai ma manhaja kyauta mai suna ftfy da aka yi musamman don irin wannan gyara. Sai tsintsiya ta zo ta ɗauke rabin da ke bambanta harafi da ɗan'uwansa. Daga nan ɗari da ɓari duk sun koma Éari. Ƙ da Ɗ da Ɓ da ƙ duk sun koma Æ. Ƙanƙara ta zama ÆanÆara. Babu wata manhaja a duniya da za ta iya dawo da asalin da tabbaci. Sai dai a zaunar da mutum mai jin Hausa ya bi layi layi yana cinka. Ciwon da ke da magani an mayar da shi yankewar gaɓa, kuma an yi hakan da sunan tsafta.

Wani zai ce ai yawancin ofisoshinmu ba sa rubuta lanƙwasa tun asali, Danjuma suke rubutawa. Haka ne, kuma wannan wani baƙin ciki ne na daban. To amma apostirofi fa? Word yana mayar da shi mai lanƙwasa da kansa, kuma a tsarin Windows-1252, wanda tsofaffin fayilolin ofisoshinmu ke ɗauke da shi, lambarsa 146 ce. A karanta shi da ISO 8859-1, ya koma harafin umarni. A yi shara, ya tafi. Bature da ya rasa wannan alama yakan rasa ɗan ado ne a jimla, in ban da masu sunaye irin na Ailan. Mu kuwa baƙi ne cikakke. Sa'adatu, Isma'ila, Rabi'atu, Shu'aibu, Ma'aruf: a ɗauki rajistar kowace firamare tsakanin Yashe da Kankiya a ƙirga. A gurbin da ake rubuta dangantakar magaji da mai asusu, 'ya tana komawa ya, ɗiyar mutum ta zama yayarsa. Kalmar 'ya'ya tana komawa yaya. Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya san abin da wannan zai iya haifarwa.

Kuma muna zaune a ƙasar da dacewar suna ta zama ƙofar komai. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Tun 2021 hukumar JAMB ke neman NIN kafin ɗalibi ya yi rajista. Banki yana gwada suna da BVN. Kowane rumbu yana da yadda ya ajiye sunan mutum, wani da apostirofi, wani babu, kuma talaka ne ke yawo tsakaninsu da takardar rantsuwa. A irin wannan hali, manhajar da ta ƙirƙiro wa mutum sabon salon rubuta sunansa, ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta ƙara masa wata tafiya ce da kuɗin mota.

Lamarin bai tsaya kan sunaye ba. Hukumar NAFDAC ta rungumi tsarin GS1 don bin sawun magunguna, wato ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ake gani a jikin kwali. A cikinsa akwai lambar kaya, da ranar lalacewa, da lambar rukunin da aka sarrafa, da lambar kwalin kansa. Biyun farko tsawonsu ƙayyadadde ne. Biyun ƙarshe ba haka ba, suna iya gajarta ko tsawaita har zuwa haruffa 20. Abin da ke nuna inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara shi ne harafin umarni mai lamba 29, wanda yake cikin waɗanda XML ya haramta. Ma'ajin magani da ya fitar da bayanansa ta cikin wannan tsintsiya zai samu lambobi biyu sun narke sun zama ɗaya. Ranar da aka ce a janye wani rukuni daga kasuwa, zai nema a fayil ɗinsa bai gani ba, alhali kwalayen suna kan kanta.

Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce sakataren ƙungiya a Yashe, da cajin wayarsa ke ƙarewa kuma banki na jira, ba ya bukatar lacca a kan Unicode. Fayil yake so. Za su ƙara da cewa wasu daga cikin haruffan nan haɗari ne: lamba 0 ba ta shiga gurbin rubutu a rumbun PostgreSQL ko kaɗan, lamba 27 kuma ana iya amfani da ita a rikita allon mai duba bayanai. Duk na yarda. Ban ce a bar kowane harafi ya wuce ba, ban kuma ce manhaja ta riƙa faɗuwa ba. Abin da na ƙi shi ne shirun. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙidaya ba, saboda an bi da bayanan ta tsohon nau'in fayil ɗin Excel da ba ya wuce layi 65,536, kuma abin da ya haura ya zube ba tare da ƙara ba. Musabbabin daban ne da namu, amma halin ɗaya ne: fayil ya buɗe lafiya, saboda haka ba wanda ya yi zargin komai. Manhajar da ta tsaya ta yi ihu ta ɓata wa mutum ɗaya awa ɗaya. Wadda ta yi shiru takan ɓata wa mutane da yawa makonni, kuma ba a gane ta sai an je gaban kanta.

Mai yasar rijiya yakan zube abin da ya fito da shi a bakin rijiyar, mai gida ya zo ya gani, in da guga ko zobe a cikin lakar ya ɗauka. Abin da nake nema ga masu rubuta manhaja bai wuce haka ba. A fara gyara karatun tun daga ƙofar shiga, domin harafi daga rukunin 128 zuwa 159 a cikin sunan Bahaushe kusan kullum shaida ce cewa an karanta fayil da tsarin da ba nasa ba, kuma share shi daidai yake da goge sawun ɓarawo. Bayan haka a bi kowane harafi da ma'anarsa: lamba 11 ta koma karyewar layi ta gaskiya, 29 a adana ta. Hanyoyin adanawa suna nan tun tuni. Excel da kansa yana rubuta irin wannan harafi da siffar _x000B_, JSON kuma yana da \u000b. Inda dole sai an cire, a sa alamar � a gurbin, wadda Unicode ya tanada don ido ya gan ta, a kuma fito da ɗan rahoto da Hausa ko Turanci mai sauƙi: layi kaza da kaza an taɓa su, ga yadda suke a da. Asalin da ke cikin rumbu kuwa kada a taɓa shi. Duk wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya, ƙila ma bai kai ba.

Amma ba na son a ɗora wa matashin nan kaya shi kaɗai. An biya shi kuɗi kaɗan, an ba shi kwana kaɗan, kuma abin da aka gwada ranar karɓar aiki shi ne ko fayil yana buɗewa. Mafi yawan masu karanta wannan wasiƙa ba su rubuta manhaja, amma su ne ke sa hannu a karɓe ta: shugaban makaranta, akawu, jami'in lafiya, sakataren ƙaramar hukuma. Gwajin da ya kamata su yi bai kai minti goma ba. A shigar da Ɗanladi, da Sa'adatu da aka kwafo daga Word, da Ƙofar Soro, da adireshi mai layi biyu, da ƴ irin ta rubutun Nijar, da suna ɗaya cikin ajami. A fitar, a buɗe, a gwada da abin da aka shigar harafi da harafi. In ɗaya ya canza kuma manhajar ba ta faɗa ba, kada a biya cikon kuɗin.

Ƙanena ya yi sa'a ɗaya: bai yar da littafinsa na takarda ba. Shi da wani malamin makaranta suka kwashe yammaci uku a ƙarƙashin dalbejiya suna gwada fayil da littafi, suna gyara sunaye da hannu. Sunaye biyu sai da aka aika yaro gida ya karɓo katin masu su, domin a littafin ma tawada ta cinye harafin farko, kuma Æ ba ta gaya musu ko Ɗ ce ko Ƙ ba.