Tashar Jirgin Ƙasa a Kan Teburin Aji

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, reshen da ya tashi daga Zariya kuwa ya bi ta Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan bai ƙara gaba ba. Saboda haka, yaron da ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama yana iya kammala firamare bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto, alhali kuwa za a koya masa darasin sufuri, a kuma tambaye shi a jarrabawa. Ra'ayina shi ne, malamin da ya sami kansa a irin wannan aji ya zauna da ɗalibansa su gina ƙaramin samfurin tashar jirgi a kan tebur. Su kuma fi ba da ƙarfi ga gine-ginen da ke kewaye da tashar, domin a nan mafi yawan ilimin yake.

A ƙasashen Turai, ƙera irin wannan samfuri sha'awa ce ta manya, kuma tana da ƙa'ida. Mafi yawa suna rage girman kowane abu sau 87, mutanen Ingila kuwa sau 76. A gidan tarihi na Pendon da ke kusa da birnin Oxford, wanda Roye England ya kafa a 1954, an gina ƙauyen Ingila kamar yadda yake a shekarun 1930, jirgin ƙasa yana ratsa shi. Abin da ya zaburar da mutumin shi ne ganin tsofaffin gidaje masu rufin ciyawa suna ɓacewa. Sai ya riƙa auna su yana ɗaukar hotonsu, aka mayar da su samfuri.

Yaranmu ba baƙi ba ne a wannan fage. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da ta gwangwani, ya san ginin laka bayan an ɗauke ruwan sama. Abin da makaranta za ta ƙara musu shi ne ma'auni. Idan aji ya amince a rage komai sau 50, zauren da tsayinsa ya kai mita 4 zai koma santimita 8, ƙofa mai mita 2 ta koma santimita 4. Faɗin tsohon layin dogo na Nijeriya, wato milimita 1,067, zai koma santimita 2 da ɗan ɗoriya. Yaron da ya gina ƙofar da ta fi zaurenta tsawo zai ga kuskurensa da idonsa, tun kafin malam ya yi magana. Gani ya kori ji.

Malamin Hausa ya fi kowa cin riba. A ce ɗalibai sun ƙaddara dogo ya iso Jega. Me za a gina a gefen tashar? Za a buƙaci rumfunan ajiye albasar Aliero, da sito na shinkafa da gero, da masallaci, da gidan mai unguwa, da rumbuna. Kafin yaro ya gina soro, dole ya je wurin magini ya yi tambaya. A can zai ji tubali da azara da zanko da indararo da ɗaurin guga. Zai san cewa daga giginya ake tsaga azara, makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Waɗannan kalmomi suna bin gine-ginen ƙasa suna tafiya, yayin da bulo da kwano suke maye gurbinsu. Kalmar da yaro ya haddace a allo takan zube bayan jarrabawa, amma wadda ya gina da hannunsa takan zauna.

Wasu za su ce ɓata lokaci ne, ga manhaja da yawa, ga rashin kuɗi. Batun kuɗi mai sauƙi ne: laka da kara da kwali da tsinken tsintsiya da ƙaro ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Batun lokaci kuwa, akwai darasin aikin hannu a jadawali, wanda a makarantu da dama ya koma karɓar tsintsiya ko 'yan kuɗi a ƙarshen zango a ba da maki. Wannan shi ne ainihin ɓata lokaci. Samfuri guda zai ɗauki lissafi da tarihi da labarin ƙasa da insha'i, idan an tsara shi mako-mako, aka kuma raba ɗalibai rukuni-rukuni.

Sharaɗi ɗaya ne: kada malam ya gina da kansa, kada kuma ya kai wa kafinta don ya burge mai duba makarantu. Samfuri mai karkatacciyar katanga da yara suka auna suka gina ya fi mai ƙyalli da aka sayo. Don haka, ya ɗalibi mai shirin zama malami, kafin ka fita koyarwar gwaji, ɗauki abin awo ka auna zaure guda a unguwarku, ka rubuta sunan kowane sashe nasa daga bakin magini, ka gina shi a kan kwali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.