Masu "sanin maciji" ne ke kashe mana mutane

Kowane ƙauye na ƙasar Dakoro, daga Kornaka har Birnin Lalle, yana da gwanin da zai juya mushen maciji da sanda ya yanke hukunci: wai mai faɗin kai ne ke da dafi, mai siririn kai ba komai. Wa ya koya masa? Mesa kanta da faɗi, ba ta da dafi ko ɗigo. Gamsheƙa kuwa, in ba ta fasa kai ba, sumul take, kuma tana kisa.

Ku dubi kububuwa. 'Yar guntuwa ce mai launin ƙasa, tana kwance ƙarƙashin karan gero lokacin girbi ko gindin rumbu, in ta ji motsi ta naɗe tana goga jikinta, ƙyas-ƙyas. Akwai maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsu da ke kwaikwayonta har da wannan ƙara, alhali ko haƙoran kirki ba shi da su. Da magariba, da tocila mai mataccen batir, wa zai bambanta su?

Abin da ya fi ƙona mini rai, wanda kububuwa ta sara yakan tashi da ƙafarsa har ya ci tuwo. Sai a ce "ai marar dafi ne", a ɗaure ƙafa da igiya, a tsaga da reza, a manna baƙin dutse. Washegari jini na tsatsowa daga dasashi, tsagar rezar ta ƙi tsayawa. Sannan ne za a nemi babur.

Alhali a likita ba a buƙatar mushen. Jini kaɗan ake zubawa a busasshiyar kwalbar gwaji, a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga.

Hukumomi ma ba su fita ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su, tana ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Kaltungo a jihar Gombe na da asibitin saran maciji takanas. Manomi da makiyayin kwarin Tarka na nan ƙasar Dakoro fa? A ajiye allurar dafi a likitocin karkara kafin damina, a kan kuɗin da ba sai an sayar da akuya ba. In ba haka ba, gun mai reza za su ci gaba da zuwa, don shi ne kusa, kuma yana karɓar kaza.