TAKARDAR TARA TUHUMA CE, BA HUKUNCI BA

Jama'a, duk mai ɗauko kaya daga Karaye ko Rogo zuwa kasuwannin Kano ta hanyar Gwarzo ya san inda gabansa ke faɗuwa, watau shigowa birni, inda 'yan KAROTA ke tsai da motoci. Tun 1912 Turawa ba su kafa ta ba, gwamnatin jiha ce ta kafa ta a 2012 don gyaran bin titi, kuma mu ba mu ƙi gyara ba. Abin da muka ƙi shi ne a ci talaka tara, ya biya, bai san yana da bakin magana ba.

A watan Nuwamba 2022 aka hana 'yan adaidaita sahu bin hanyar Tal'udu zuwa Gwarzo, wai motocin bas na gwamnati za su ɗauki mutane. Jama'a suka koka, ba a jima ba aka janye. Ashe doka kan sauya dare ɗaya, mutumin ƙauye bai ji ba sai an damƙe shi. Ashe kuma kuka yana magani.

To, ku riƙe wannan. Bisa sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, kuma ba a hukunta mutum sai laifin da hukuncinsa suna rubuce cikin doka. Saboda haka in an tsai da kai, nemi takarda mai nuna laifi da wuri da rana. In ka biya, karɓi rasit. In ba ka yarda ba, ce a kai ka gaban majistare. In hukuncinsa bai gamshe ka ba, ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a Kano, ba ta karɓar ko kwabo.

Mun sani mai kwandon tumatir ba ya iya kwana a kotu kayansa na ruɓewa. Don haka muna kira ga shugabannin kasuwa da na tasha su tattara takardun mutanensu, a yi karo-karo a ɗauki lauya guda. Hukuma kuwa, lalle ta manna jerin laifuka da tararsu da Hausa, boko da ajami, a tashoshin Karaye da Rogo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa a ji.