Masu bugun ƙasar zaɓen Amurka, ku sassauta mana

Zaɓen shugaban ƙasar Amurka sai watan Nuwamban 2028, amma ku leƙa WhatsApp ku gani, wasu har sun gama shi. An ɗora hoton JD Vance gefe guda, na Gavin Newsom ɗaya gefen, an rubuta kashi kaza bisa ɗari ƙarƙashin kowane, ana ta turawa. A fada, tsakanin shayi na fari da na biyu an rantsar da shugaba. Har a gidajen rediyo sai a gayyato "masanin siyasar duniya" ya share minti ashirin yana gaya wa manomi da ɗan kabu-kabu wanda zai ci, babu "wataƙila", babu "in Allah ya so". Mu da aikinmu shi ne magana gaban makirfo, mun san nauyin abin da ya fito daga rediyo. Tsoho a ƙauye in ya ce "rediyo ta faɗa", magana ta ƙare. Shi ya sa wanga bugun ƙasa da ake yi sanye da kwat ya ishe mu.

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, don yawancin masu hasashen ba su taɓa bayyana shi ba. A Amurka manyan jam'iyyun biyu ba rana ɗaya suke fidda ɗan takara ba. Jaha bayan jaha ake bi, tun farkon shekara har wajen watan Yuni, kowace jaha tana raba wakilai, wakilan nan ne ke zuwa babban taron jam'iyya lokacin da mu nan muke tsakiyar damina. Sakamakon wannan mako yana canza na mako mai zuwa. Wanda ya faɗi sau biyu, masu ba shi kuɗi su janye hannu, shi ma ya janye, magoya bayansa su koma wani gida. To ƙuri'ar jin ra'ayi, wato sondaj, da anka yi shekara biyu kafin a fara wannan tafiya, me take aunawa? Suna kawai. Wanda aka fi gani a talabijin, shi ke gaba.

A 2007 Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York, shi ya kwashe kusan shekarar yana kan gaba cikin ƴan Republican. Da anka shiga zaɓen, jaha ko ɗaya bai ci ba, John McCain ya ɗauki tuta. A 2015 anka tara wa Jeb Bush, ɗan shugaba kuma ƙanen shugaba, sama da dala miliyon 100, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Watan Fabrairun 2016 ya tattara komatsansa ya koma gida, shi ma bai ci jaha ba.

Amma wanda ya fi burge mu shi ne na 2020, don ya nuna ko an fara jefa ƙuri'a ba a gama sani ba. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa. Ya zo na biyar a New Hampshire. Na biyar! Duk mai sharhi ya yi masa sallar gawa, ana ta lissafin Bernie Sanders. Sai ranar 29 ga Fabrairu ya ci Karolina ta Kudu da babbar rata, bayan ɗan majalisa Jim Clyburn, wanda baƙar fatan jahar ke jin maganarsa, ya fito ya mara masa baya. Cikin kwana biyu Pete Buttigieg da Amy Klobuchar sunka janye sunka bi shi. Ranar 3 ga Maris, ranar da jahohi goma sha huɗu sunka yi zaɓe tare, Biden ya kwashe goma. Kwana huɗu ke nan tsakanin gawa da ango. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, su kuwa mutanenmu tun ba a ɗora tukunya ba suke faɗin wanda zai sha romo.

To in wanda zai tsaya ma ba a sani ba, ina batun "in wane ya kara da wane"? Wannan cinikin biri a sama ne. Kun tuna 2024? Wata da watanni ana auna Biden da Trump, ana zana taswira ja da shuɗi. Anka yi muhawarar 27 ga Yuni, Biden ya kasa, ranar 21 ga Yuli ya janye. Kamala Harris ta hau takara ba tare da ta tsaya zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa a shekarar ba. Dukan lissafin nan ya bi ruwa. Mu da munka yi lakkol da faransanci ai ba sai an kai mu Amurka ba: a 2002 kowa a Faransa ya shirya wa zagaye na biyu tsakanin Chirac da Jospin, ranar 21 ga Afrilu Jean-Marie Le Pen ya wuce Jospin da ƙasa da kashi 1 bisa ɗari.

Wani zai ce, to ai in an san ƴan takarar sai lissafi ya zauna. Ina! Watan Yulin 1988 Michael Dukakis ya ba George Bush uba ratar kashi 17, Nuwamba na zuwa ya sha kaye. Kuma akwai abin da masu hasashenmu ke tsallakewa kullum: a Amurka ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke naɗa shugaba ba. Wakilan zaɓe 538 ne, an raba su ga jahohi, mai 270 ya ci, kuma a kusan kowace jaha wanda ya fi, ko da ƙuri'a ɗaya ne, shi ke kwashe wakilanta duka. A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'u kusan miliyon 3, amma Michigan da Wisconsin da Pennsylvania sunka kuɓuce mata da ratar da in an haɗa ba ta kai 80,000 ba. Ƙuri'un da ba su kai mutanen wasu unguwannin Yamai ba. Duk wanda ya karanto muku sondaj na ƙasa baki ɗaya ya ce ga shugaba, ko bai san tsarin ba, ko ya raina ku.

Kada a fahimce mu baibai, sondaj ba ƙarya ba ce. Aiki ne na lissafi, kuma masu yin ta na gaskiya suna faɗin iyakarta. In an tambayi mutum 1000, sakamakon na iya gocewa da wajen kashi 3 sama ko ƙasa, don haka 49 da 47 kunnen doki ne, ba "yana gaba" ba. Dab da zaɓen 2016 Nate Silver ya ba Clinton wajen kashi 71, Trump wajen 29. Mutane sunka karanta 29 kamar sifili. Amma uku cikin goma fa ke nan. In ma'aikatan hasashen yanayi sunka ce akwai uku cikin goma ruwa ya ɗauke bayan shuka, wane manomin Dakoro ne zai zuba irinsa duka a ruwan fari? Laifin na mai ɗauko lambar ne ya yanke mata wutsiya, ya kawo muku ita kamar hukuncin alƙali.

Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko da wajen kashi 34, Mahamane Ousmane na bin sa da wajen 27. Ƙawancen AFC ya haɗa kai, zagaye na biyu Ousmane ya ci. A 2016 an cika gari da batun bugu ɗaya, "un coup KO", sai da anka je zagaye na biyu. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu, amma ƴaƴansu na rantsuwa kan zaɓen ƙasar da ba su san sunan jahohinta goma ba.

Kuma ba banza muke wannan faɗan ba, lokacin iska da ake ɓatawa yana da tsada. Duk tsawon 2024 ana "wa zai ci, wa zai ci", masu sharhi nawa sunka tsaya sunka ce in wane ya ci, ga abin da zai iso Maraɗi da Damagaram da Tawa? Alamu kuwa na nan a fili: tun 2017 Trump ya taɓa sa maƙwabciyarmu Cadi cikin ƙasashen da ya hana ƴaƴansu shiga Amurka, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa kan taimakon ƙasashen waje ba. Ranar da ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu a dakatar da taimakon na kwana 90, kafin shekara ta yi nisa an rufe USAID. Ayyukan gidan sauro da maganin masassara da abincin yara masu tamowa, wasu sun tsaya, wasu sun ragu, ma'aikatan furoje da yawa sun koma zaman gida. Wanga shi ne labarin da mai saurare ke buƙata tun kafin ya faru.

Don haka ƴan uwa masu gabatar da shiri, in baƙo ya zauna ya ce wane ne zai ci 2028, ku tare shi nan take. Wa ya yi sondaj ɗin? Wace rana? Mutum nawa anka tambaya, a wace jaha? Shi wanen ma ya ce zai tsaya? Sannan ku tambaye shi wa ya ce zai ci a watan Yunin 2024, don kaset ɗin na nan ajiye.